Zomon Hajiya da ka tambaye ni jiya

Ka tare ni jiya bayan la'asar ina tsaka da wanke kwanukan ruwa, wai Hajiyar nan ta unguwar Asawase a nan Kumasi da ta sayi farar zomanya a hannunmu bara ta kira ka, zomanyar ta yi ƙiba kamar tulu, gindinta kullum a ɓace da kashi mai danƙo, wanda take zubarwa a ƙasa kuma ya koma ƙanana, me za a riƙa ba ta ta ci. Ban amsa maka ba a lokacin don raina ne ya ɓaci, ba da kai ba, tambayar ce ta fama min wani tsohon miki. Yanzu na zauna, to ka karanta har ƙarshe, kar ka turo min "to oga" tun ba ka wuce layi uku ba, na san halinku.

Ba sai na taka gidan ba na san abin da ake ba ta. Burodi da safe, biskit in yara sun dawo makaranta, karas don sun gani a katun a talabijin, sai felet, wato abincin zomo na kamfani mai ƙwaya-ƙwaya, cike da kwano ba ya yankewa. Ciyawa kuwa babu, wai tana ɓata falo. To ciyawar nan ita ce abincin, sauran duk ƙari ne. Kashi 80 zuwa 85 cikin 100 na abin da zomo ke ci ciyawa ce, kullum a ajiye masa tulin da ya kai girman jikinsa, dare da rana tana gabansa. Hanjinsa ba ya tafiya sai da abu mai kaushi da ke tura shi, kuma zomo ba ya amai, gashin da ya lasa ya haɗiye hanya ɗaya ce gare shi, ciyawa ce ke raka shi ya fita. Haƙoransa 28 kuma duk tsiro suke har ya mutu, na gaba kusan milimita 2 a mako, in ba ya tauna ciyawa turamen ciki sai su yi tsini su riƙa yankar harshe da kumatu, ka ga dabba tana dalalar da yawu ta ƙi ci, a ce wai maita ce.

Bari in ba ka labarin da ya sa na yi shiru jiya.

Shekarar da aka canza kuɗi a nan Ghana, 2007, lokacin mutane na riƙe da sabon sidi amma har yanzu da miliyan suke lissafi, ina da wata zomanya launin toka, jinin Chinchilla, ni na raini uwarta na raini kakarta, ban taɓa mallakar uwa irinta ba, ba ta taɓa kwanciya kan ɗa ba, ba ta taɓa cin nata ba, in ka ɗaga ta ka ji tsoka ce ba kitse ba. Wani Alhaji ya zo nan Aboabo da mota, da 'yarsa 'yar shekara bakwai haka, yarinya ta zagaya kejina kaf ta tsaya a gaban wannan ta ce ita take so. Na ce Alhaji wannan ba ta sayarwa ba ce, ga 'ya'yanta nan ka zaɓa. Yarinya ta fashe da kuka, Alhaji ya fara haba malam, haba malam, maƙwabta suka taru kowa na cewa ai babban mutum ne kar ka kunyata shi gaban 'yarsa. Na sayar. Ya ba ni rabin kuɗi ya ce sauran bayan sallah. Na ɗaure masa buhun busasshiyar ciyawa guda kyauta, na tsaya jikin mota na yi masa bayani fiye da wanda nake maka yanzu, yana ta gyaɗa kai yana duba agogo.

Mako biyar, sai ga yaronsa da kwali. Na buɗe, ga ta a dunƙule a lungu, ido rabi a rufe, tana cizon haƙora kana jin ƙarar ƙas-ƙas, kunnuwa sun yi sanyi, ciki ya kumbura in ka ɗan buga da yatsa kamar kalangu, bayanta duk ruwan kashi. Na ce me kuke ba ta? Yaron bai iya ƙarya ba, Allah ya yi masa albarka, ya ce da safe tare suke karyawa da yarinyar, burodi a tsoma a shayi, da rana ragowar wake da shinkafa, biskit kuwa ba adadi. Na ce buhun ciyawar fa? Ya ce ai ragon layya aka ba. Ragon layya! Da ta daina ci sai suka zuba ido kwana biyu wai ƙoshi ne, rana ta uku aka ɓare kafso irin na mutane, amoksisilin, aka kaɗa a ruwa aka ɗura mata. Wannan shi ya ƙarasa ta. Cikin zomo akwai wata babbar jaka a hanji inda ƙwayoyin halitta masu amfani ke narkar da ciyawa, in ka ɗura masa amoksisilin ko ampisilin ko duk dangin fenisilin ta baki sai ya kashe masu amfanin ya bar miyagun su yi yawa su zuba guba. Kafin a kira magariba ta mutu a kan tabarmata.

Na farke ta don in gani da idona. Kitse ya lulluɓe ƙoda har ba ka ganinsu, hanta ta koɗe ta yi fari-fari, tumbi cike da curin gashi da ƙullun burodi ya daskare, jakar hanjin kuwa ruwa ne da iska mai wari. Mako biyar kacal, dabbar da na shekara uku ina gini.

Kuma ka san abin da ya fi ci min rai? Alhaji bai zo ba. A ƙofar masallaci na ji labari wai na sayar masa da zomo mai ciwo, na cuci yarinya. An bar jaki ana dukan taiki. Dattawa suka zaunar da mu, na kawo yaron ya faɗi gaskiya a gabansu, duk da haka aka ce malam a yi haƙuri, a duba zumunci. Haƙurin nawa shi ne na yafe rabin kuɗina na kuma ƙara masa ɗan zomo guda don yarinya ta daina kuka. Mutum biyu da suka yi alkawarin sayen iri a wurina suka janye. Jinin nan kuma daga ranar ya fara lalacewa a hannuna, don 'ya'yanta mata na riga na sayar da mafi kyawunsu ina taƙama uwar na nan. Har gobe in mun haɗu ranar Juma'a shi ke fara miƙo min hannu yana murmushi, ina karɓa don Allah, amma ban manta ba.

To ka ga dalilin da ya sa ba na son jin zomon falo. Maigidana da ya koya min, Allah ya jiƙansa, ya ga zamanin mulkin soja na Acheampong lokacin da gwamnati ta buɗe gonar zomaye a Kwabenya kusa da Accra a 1972 ana kiran jama'a su ciyar da kansu, kuma duk ilimin da ya yaɗu daga can na zomon nama ne, a cika shi da abinci ya yi nauyi cikin wata uku ko huɗu a yanka. Zomon da ke zaune a ɗaki kuwa ana so ya kai shekara 8 har 10 ko fiye. In ka ciyar da shi irin na yanka ka yanka shi ne a hankali ba da wuƙa ba. Ku yaran yanzu ba ku bambanta wannan, kun ga dabba ta yi ɓul-ɓul sai ku ɗauki hoto ku sa a Facebook, kallon kitse kuke wa rogo.

Kashin nan mai danƙo da Hajiya take gani ba zawo ba ne, kar ka je ka ce a ba ta magani. Zomo kashi iri biyu yake yi. Akwai busasshe mai kama da ƙwayar wake wanda kake sharewa, akwai kuma mai laushi mai sheƙi a manne kamar 'ya'yan inabi ƙanana, yawanci cikin dare ko da asuba, wanda yake lanƙwasawa ya cinye kai tsaye daga jikinsa, a ciki yake samun bitamin B da K da furotin. Lafiyayyen zomo ba ka cika ganin wannan a ƙasa ba. In kana gani to ko dai an cika shi da felet da zaƙi ya ƙoshi ya ƙi ci, ko ƙiba ta hana shi kaiwa, sai ya zauna a kai ya manne a gashi, kuma da zafin Kumasi ƙuda ba ya jira, ya yi ƙwai a wurin cikin kwana ɗaya tsutsa ta fara cin nama. Kullum a ɗaga ta a duba.

Felet ɗin, giram 25 ga kowane kilo na nauyinta a rana, shi ke nan, kuma a lissafa da nauyin da ya kamata ta kasance ba wanda take yanzu ba. Ka auna sau ɗaya a sikeli ka zuba a gwangwanin tumatir ka ja layi da ƙusa, ka ba Hajiya gwangwanin, in ba haka ba da olonka, babban gwangwanin awo na kasuwa, za ta riƙa aunawa. Kuma na zomo nake nufi, ba abincin kaji ba, wasu masu shago za su ce maka duk ɗaya ne, ƙarya ne, na kaji ba shi da kaushi kuma wani akwai maganin da ake zuba wa kaji a ciki wanda ke kashe zomo. Kar a yanke mata felet ɗin lokaci guda, a riƙa ragewa cikin mako biyu ana ƙara ciyawa. Kar kuma wani mai wayo ya ce a sa ta azumi ta rame, zomo mai ƙiba in ya kwana da yunwa kitse ke taruwa a hanta.

Ciyawa a samo irin su gamba da ciyawar da ake yanko wa tumaki, a shanya ta bushe sosai. Ba ta bakin titi ba, ba ta bakin gwata ba, ba inda aka fesa maganin kashe ciyawa ba. Da damina a nan komai fumfuna yake yi, ka sa hanci a buhun, in ka ji warin rima ka zubar kar ka yi tausayin kuɗi. Harawar gyaɗa da ta wake da ake saukewa daga arewa tana da kyau ga yara masu tasowa da uwa mai shayarwa, amma ga babbar zomanya da ke kwance ƙarƙashin kujera ta yi maiƙo da yawa, ɗan kaɗan a gauraya don ƙamshi ya ja ta. Ɗanyen ganye kamar cikin hannu biyu a rana, ganyen dankali, ganyen karas, ɗan zogale, ɗan kabeji ba da yawa ba, sabon ganye kuma ɗaya-ɗaya ake shigo da shi ana kallon kashi. Karas ɗin kansa da ayaba da gwanda alewa ce, yanki kamar kan babban yatsanka, ba kullum ba. Piya, albasa, tafarnuwa, ɗanyen ganyen rogo da kontomire, wato ganyen gwaza, kar su kusance ta. Burodi, biskit, masara, koko, ragowar tuwo, ka riga ka ji.

Maganar ruwa da shara da inuwa ba zan ɓata bakina ba, wata takwas kana wurina, in ba ka san wannan ba koma sayar da katin waya. Yadda ake gane ƙiba ma na nuna maka sau nawa, shafa haƙarƙari, in sai ka danna kafin ka ji ƙashi ta yi yawa, in ƙashin baya na sukar hannunka ta rame. A sake ta ta yi gudu a tsakar gida da sanyin safiya da yamma, a ɗauke wayoyin wuta.

Abu ɗaya da za ka nanata mata har ta gaji da kai: ranar da zomanyar ta yi awa 12 ba ta ci ba ko ba ta yi kashi ba, ba a jira gobe, ba a ɓare kafso, ba a tambayar mai kemis, a ɗauke ta sai wurin likitan dabbobi, ta kuma kira ni ko tsakar dare ne.

Gobe bayan ka gama share kejin baya ka ɗauki ƙaramin sikelin da buhun ciyawa guda ka hau pragya, keken nan mai ƙafa uku, ka je, ka auna ta ka rubuta a takarda ba a ka ba, duk mako biyu ka koma. Ka leƙa ka gani ko akwai rago ɗaure a gidan. Kuɗin ciyawar kuma ka karɓo a hannu kafin ka sauke buhun, in ta ce sai bayan sallah ka dawo min da kayana.