Ƙanwata ta ce in bi kimiyya, Hajiya ta ce in rage loma: wa zan bi?

Assalamu alaikum Anti. Ya aiki, ya iyali? Ni matar aure ce, shekarata 36, 'ya'yana huɗu. Tun haihuwar autana jikina ya buɗe, har ta kai in na hau bene sai na tsaya na maida numfashi, gwiwoyina kuma kullum cikin ciwo. Da na je asibiti aka auna ni kilo 94, likita ya ce jinina ya ɗan hau, in rage ƙiba.

To, masu ba ni shawara ne suka yi mini yawa. Ƙanwata da ke jami'a ta saka mini manhajar lissafin kalori a waya, wato ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki, ta ce in bar tuwo da shinkafa da burodi gaba ɗaya, in koma ƙwai da nama da kabeji, wai shi ne keto, wai haka kimiyya ta ce. Na gwada, sikeli ya sauka da sauri, amma jiri ya sa ni gaba, ga tsadar nama, ga ɗora tukunya biyu a gida ɗaya. Ina komawa tuwo abin da ya tafi ya dawo. Hajiyarmu kuwa dariya take mana. Ta ce su a zamaninsu ba su san wani kalori ba, surfe da daka da ɗibar ruwa sun ishe su, in rage loma in daina kwanciyar rana kawai. Maƙwabciyata kuma ta kawo mini shayin rage tumbi, ta ce in haɗa da ruwan ɗumi da lemon tsami kullum da safe. Anti, kaina ya kulle. Wa zan bi?

Daga wata 'yar'uwa a Zariya

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ƙara sauƙi.

Shayin maƙwabciya ki ajiye shi tun yau. Da yawan irin waɗannan shayin ganyen filasko ne a cikinsu, wanda kakanninmu suka sani a matsayin maganin wankin ciki. Abin da yake fitarwa ruwa ne da bayan gida, kitsen yana nan daram, kuma yawan gudawa na rage wa jini sinadarin da zuciya ke buƙata. Ga mai hawan jini wannan ba abin wasa ba ne. Ruwan ɗumi da lemon tsami ki sha in yana miki daɗi, amma ba ya narkar da teɓa.

Ƙanwarki kuma, a gaishe ta, amma abin da ta ɗauko a waya guntun kimiyya ne. Jiki yana ajiye sukari a hanta da tsoka tare da ruwa mai yawa. Da zarar kin yanke tuwo da shinkafa, ajiyar nan ta ƙare, ruwan ya bi fitsari, sai sikeli ya faɗi a makon farko. Kina komawa tuwo ruwan ya dawo mazauninsa. Saboda haka kada ki ga laifin kanki. A 2018 masana a Jami'ar Stanford ta Amurka sun fitar da sakamakon wani bincike da suka bi mutum 609 tsawon shekara guda, rabi sun rage abinci mai sitaci, rabi sun rage maiƙo. A ƙarshe kowane ɓangare ya zubar da kusan kilo 5 zuwa 6, babu wani bambancin a zo a gani. Tsarin da za ki iya riƙewa da kuɗin cefanen gidanki, cikin tukunya ɗaya da yaranki, shi ne naki.

Hajiya ta fi kowa kusa da gaskiya, kuma likitoci ba za su musa mata ba: a rage ci, a motsa jiki. Sai dai turmin da take magana a kai inji ya karɓe aikinsa, ruwa yana zuwa har ƙofar gida, kuma a zamaninsu ba a shan lemon kwalba sai ranar suna ko biki. Sannan "rage loma" yana aiki ne a kan abin da ido ke gani. Malmalar tuwo kina ganinta, kin san ɗaya ba biyu ba ce. Mai da sukari kuwa ba sa cika kwano, ba sa cika ciki, a nan ne kike buƙatar lissafin masana.

Giram ɗaya na mai yana da kalori 9, na sitaci ko sukari 4. Babban cokali ɗaya na man gyaɗa ko manja ya kai kalori 120. Yanzu ki tuna yadda ake tsiyaya mai a kan shinkafa da wake kai tsaye daga galan, a barbaɗa yaji, a ce ai abinci ne mara nauyi. Mace za ta rage rabin shinkafar ta bar man yadda yake, ta yini da yunwa, sikeli bai motsa ba, ta ce jikinta ne ba ya jin magana. Haka ƙosai da awara: wake da waken suya abinci ne masu kyau, kaskon suya ne ke ɗora musu kaya. Lemon kwalba na roba mai santilita 50 kuwa yana ɗauke da sukari kusan ƙananan cokula 13, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce kamar cokali 12 a yini, in da hali ma 6. Zoɓo da kunun aya da shayi mai kauri ba su tsira ba, ya danganta da nauyin hannun mai haɗawa.

Don haka ki fara daga madafa. Ki riƙa auna mai da cokali. Ki mayar da ruwa abin shanki, zoɓon ki haɗa da kanki da citta da kanumfari, sukarin kaɗan. Tuwon ki ci abinki, malmala ɗaya, miyar kuka ko kuɓewa ko ta ganye ta fi yawa, ki yawaita zogale da rama da wake, domin suna riƙe ciki. Kin san hadisin nan na kaso uku: ɗaya na abinci, ɗaya na abin sha, ɗaya na numfashi. Manhajar ƙanwarki ma kada ki goge ta tukuna. Ki yi mako biyu kina rubuta duk abin da ya shiga bakinki, har da ɗanɗanon miya da ragowar abincin yara da iyaye mata ke cinyewa don kada a zubar. In idonki ya buɗe sai ki bar ta, ba aikin har abada ba ne.

Kada ki sa wa ranki komawa jikin 'yanmatanci. Rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako ya isa. Wani babban bincike da aka wallafa a Amurka a 2002 ya sa wa mutanen da ke dab da kamuwa da ciwon suga burin rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu da motsa jiki na minti 150 a mako, sai haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 58 cikin 100. A jikinki wannan kilo 6 ne da ɗoriya, kuma gwiwoyinki za su ji bambancin. Minti 150 ɗin tafiya ce ta rabin awa, kwana biyar a mako. Saboda gwiwa ki fara da minti goma bayan sallar asuba, ko da zagaye tsakar gida ne, ki riƙa ƙarawa.

Tunda jininki ya fara hawa, ki rage gishiri da dunƙulen ɗanɗano, duka kada ya wuce ƙaramin cokali ɗaya na gishiri a yini. In kin koma asibiti ki ce a duba miki suga. Ki kuma faɗa wa likita in kina shayarwa ko kina allurar tazarar haihuwa ta wata uku, domin mai shayarwa ba a matsa mata da yunwa, allurar kuma tana ƙara wa wasu mata nauyi.

Anti