Wanda ke kurkuku yana da 'yanci?

Wata ɗaliba daga Katsina ta rubuto: "Malam, an ba mu waƙar Richard Lovelace mu mayar Hausa. Yana tsare amma yana cewa katangar dutse ba ita ce kurkuku ba, muddin yana da freedom a soyayyarsa. In sa 'yanci, ko walwala, ko sakewa?"

'Yata, sa 'yanci. Sakewa dai babu ita, don a 1642 mutumin nan yana kulle a gidan yarin Gatehouse a Landan, bayan ya kai wa majalisar Ingila takardar koken mutanen Kent masu goyon bayan Sarki Charles na ɗaya. Walwala kuwa ta fuska ce, yau akwai gobe babu.

Ki dubi kalmar 'yanci da kyau. Daga ɗa da 'ya ta fito, shi ya sa a Sakkwato za ki ji ɗiyauci, ga ɗiya nan zaune a ciki ƙarara. A Hausar da, ɗa kishiyar bawa ne. Idan tsoho ya buga ƙirji ya ce "ni ɗa ne", ba zancen haihuwa yake ba, cewa yake babu wanda ya mallake shi. To ɗa ko an sa masa mari a ƙafa, ɗa ne. Abin da Lovelace ke nufi ke nan: an tsare jiki, amma zuciyar da ke wajen Althea, masoyiyar da ya yi wa waƙar, da bakin da ke yabon sarki, ba su shiga hannun ganduroba ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne Turancin ma haka yake. Free (mai 'yanci) da friend (aboki) tushensu ɗaya, wani tsohon aikatau mai ma'anar so. Masana na ganin asali 'yan gida ake nufi, waɗanda ake ƙauna, ban da bayi. A harshen Latin ma kalmar liberi na nufin 'ya'ya, yana kuma nufin masu 'yanci. Ban san ko mawaƙin ya san wannan ba, amma ya faɗa kai daidai.

Sai dai ki kula da "'yancin soyayya". Bahaushen yau zai ji kamar ana zancen auren dole ne. Gara ki ce "in dai ni ɗa ne a cikin so".