Amsa kan kociyoyin CFL da salon harin da kowa ya haddace

Ɗan'uwa, tambayarka ita ce me ya sa ƙungiyoyin CFL, gasar zari-ruga irin ta Kanada, suke ta juya kociyoyi iri ɗaya, kuma me ya sa kafin a saki ƙwallo ka riga ka san inda za a jefa ta. Na jima ina bin gasar nan, kuma a ganina tsoro da kuɗi ne suka haɗu.

Ƙungiyoyi 9 ne kacal, kowa ya san kowa. Dubi Chris Jones. Ya ci Kofin Grey, wato kofin zakarun gasar, da Edmonton a 2015, ya koma Saskatchewan, sai Edmonton ta sake ɗauko shi a ƙarshen 2021. A lokacinsa ne jerin rashin nasararsu a gida ya kai wasa 22, amma ba a sallame shi ba sai a 2024, bayan ya sha kashi a wasanni 5 na farko. Paul LaPolice ma haka, Winnipeg ta sallame shi a 2012, Ottawa ta ɗauke shi, ta sallame shi a 2022.

Abin da mutane ba su cika lura da shi ba shi ne iyakar kuɗin da hukumar gasar ta sa wa ma'aikatan horarwa tun kakar 2019. Kocin da ka kora, ragowar albashinsa na nan a cikin lissafinka. To wane manaja ne zai yi caca da matashi daga jami'a? Sai ya kira wanda ya sani, shi kuma ya zo da tsofaffin mataimakansa da tsohon kundin dabarunsa. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

A fili kuwa, dama 3 ake ba ka ka ci yadi 10, ba 4 irin ta Amurka ba. Idan ka ɓarar da ta farko, ta biyu ta zama dole, domin a ta uku galibi doka ƙwallo ake yi a bar wa abokan karawa. Nan ne abin yake ba ni haushi: ana neman yadi 8, sai ka ga an jefa gajeriyar yadi 4, a kayar da mai kamawa, a doka ƙwallo, a fita. Alhali faɗin filin yadi 65 ne, 'yan wasa 12, kuma an yarda masu kamawa su taho da gudu kafin a saki ƙwallo. Wallahi asara ce.

Amma ban yarda cewa duk tsohon koci matacce ba ne. Jason Maas ya rasa aiki a Edmonton da Saskatchewan, ya je Montreal ya ɗauki kofi a 2023. Sabon jini ma yana yi, Ryan Dinwiddie bai taɓa jan ragamar ƙungiya ba kafin Toronto, ya ci kofi a 2022 da 2024. Don haka idan ƙungiyarka ta sanar da koci, ka fara duba wa ya ɗauko ya tsara masa hari, sannan ka sa ido kan abin da suke yi a dama ta biyu.