Butulci Ne Ko Ha'inci? Tambayoyinku Daga Gidan Kallo

Duk lokacin da kasuwar cinikin 'yan wasa ta watan Janairu ta buɗe a Turai, ƙurarta har ƙauyukanmu take isowa. Cikin tambayoyin da suka taru mini a wannan makon, huɗu gidan kallon ƙwallo ne ya haife su. Zan fara da wadda ta fi nauyi.

Wani matashi daga wani ƙauye a ƙasar Ringim ya rubuto ya ce: "Allah gafarta Malam, ɗan wasan gaban ƙungiyarmu shekara biyar yana ci mana ƙwallo. Yanzu ana ta cewa wata ƙungiya ta taya shi, shi kuma bai fito ya ƙaryata ba, ga shi wasa huɗu ke nan bai ci ko ɗaya ba. Ni na ce butulu ne, abokina ya ce maci amana ne, wani ya ce ba ko ɗaya. Har mun daina zama benci ɗaya. Wace kalma ce daidai?"

Ɗana, na san irin wurin da wannan musu ya tashi. Rumfar kwano, janareta yana ruri a baya, allo a jingine a ƙofa an rubuta wasannin ranar da alli, mai shayi a gefe yana jiran a tafi hutun rabin lokaci. A irin wannan hayaniya kalma takan fito kafin a auna ta. To bari mu auna.

Butulci ba ya tsayawa sai da ƙafa biyu: a yi wa mutum alheri, shi kuma ya musanta ko ya saka da tsiya. Hausawa sun kawo kaza misali, suka ce kaza ci ki goge baki. Ka tsaya ka kalle ta wata rana a tsakar gida. Za a watsa mata tsaba ta tsattsage tas, sannan ta goga baki a ƙasa, dama da hagu, kamar ba ta taɓa ganin ƙwaya ba. Ka lura, ba tafiyar da ta yi bayan ta ƙoshi aka zarga ba, goge bakin aka zarga. Saboda haka ɗan wasan da ya bar ƙungiya bai zama butulu don ya tafi ba. Ranar da ya tsaya gaban 'yan jarida ya ce ba a tsinana masa komai ba, alhali nan aka raine shi, nan aka yi jinyarsa, aka jira shi har ya warke, to a ranar ka kira shi butulu, ba wanda zai ce ka yi kuskure.

Amana kuwa kalmar Larabci ce da ta zauna a bakinmu har ta zama 'yar gida. Abu ne da aka danƙa maka ka riƙe wa wani: shanun da aka ba makiyayi, kuɗin da ke hannun uwar adashe, sirrin da aboki ya faɗa maka da dare. Me aka danƙa wa ɗan wasa? Rigar ƙungiya da minti casa'in na fili, da abin da koci ya shirya a ɓoye. In ya sayar da wasa, ko ya kwashi sirrin ƙungiya ya kai wa abokan karawa, ya ci amana. Ka tuna kuma cin amana yana cikin alamomi uku na munafuki da hadisi ya ambata, tare da ƙarya da saɓa alkawari. Wannan ba kalmar da za a jefi mutum da ita ba ce don an ji haushin bugun da ya ɓarar. Abin yana damuna ƙwarai yadda manyan kalmominmu suke zama kayan wasa a bakin samari, domin kalmar da aka saba jifa da ita a kan ƙaramin abu, ranar da babban ya zo ba za ta yi nauyi ba.

Akwai ta uku da ku duka ba ku ambata ba, ita ce kuma ta fi kusa da abin da kuke zargi. Ha'inci. Ita ma daga Larabci take. Kai ɗan ƙauye ne, ka san ɗan ƙwadagon da aka yi jinga da shi a kan maimai. Mai gona yana tsaye, fartanya tana shiga ƙasa sosai. Da ya juya baya, sai a riƙa jan ƙasa ana binne ciyawa ba a tuge ta ba. Gona ta yi kyau a ido, a biya kuɗi cif, bayan kwana uku da an yi yayyafi ciyawa ta ɗago kai. Bai gudu ba, bai musanta alheri ba, amma ya karɓi cikakken lada a kan rabin aiki. Idan ɗan wasanku yana janye ƙafa don gudun rauni kada cinikinsa ya lalace, alhali yana karɓar albashinsa duk mako, sunan abin ha'inci. Sai dai wannan zargi ne mai bukatar hujja, wasa huɗu ba ci kuwa ba hujja ba ce. Zan dawo kan wannan a tambaya ta uku.

A ganina tushen rigimarku ɗaya ne. Ku magoya baya kuna kallon ɗan wasa a matsayin ɗan gandu, wanda yake noma gonar gidansu, ya ci daga rumbun gida, a yanka masa 'yar gayauna, in ya ware ba da yardar uba ba a ce ya yi abin kunya. Shi kuwa ɗan ƙwadago ne mai takarda da wa'adi. Ku ne 'yan gandun. Dubi kalmar da ake kiranku da ita ma, magoya baya, daga goyo. Ku kuka ɗaura ƙungiyar a baya kamar uwa da ɗanta, ba a biyanku ko kwabo, ba ku sauke ta ko ta sha kashi sau goma. Shi ya sa tafiyarsa take yi muku ciwo, kuma ciwon gaskiya ne, ba na raina shi.

Magoya bayan Arsenal na ƙauyukanmu har yau ba su huce da Robin van Persie ba. Shekara takwas ya yi a can, ya sha jinya an jira shi, ya zama kyaftin, ya ci ƙwallo 30 a gasar Firimiya a kakarsa ta ƙarshe, sannan a 2012 ya koma Manchester United ya ɗauki kofi a 2013. Ha'inci dai babu, don a shekarar da zai tafi ya fi yin aiki. Cin amana ma babu, ƙungiyarsa ce ta karɓi kuɗi ta sallama. Abin da za a iya cewa shi ne ya gaza a halacci. Halacci yana sama da wajibi. Shi ne mutum ya tuna alheri ya rama ko da takarda ba ta tilasta shi ba, dangin kalmar nan ne da muke cewa wane ɗan halak ne. Wanda ya yi halacci a yaba masa, wanda bai yi ba an rasa abin yabo, amma bai kai ga sunan butulu ba tukuna. Francesco Totti da ya ƙare wasansa duka a Roma har 2017, wannan halacci ne. Ahmed Musa da ya ci ƙwallo 18 a Kano Pillars ya zama gwarzon masu cin ƙwallo a gasar Najeriya, ya tafi Holand a 2010, ya zaga Rasha da Ingila da Saudiyya, sannan ya dawo ya sake sa rigar Sai Masu Gida a 2021, shi ma halacci ne, ko da yake ya taɓa tafiya. Ka ga ashe tafiya ba ta kore halacci.

Kada kuma ka manta ƙungiyoyin ma ba su cika yin halaccin ba. Sabo da kaza ba ya hana a yanka ta. Da gwiwa ta lalace ko shekaru sun ja, wanda ake rera wa waƙa jiya shi ake nuna wa ƙofa. Ka je ka nemi abokinka ku koma bencinku.

Tambaya ta biyu daga wani dattijo ce a yankin Maigatari, jikansa ya rubuta masa. Ya ce kunnensa ba ya jin daɗin yadda yara suke cewa an sayi wane, an sayar da wane, an ba da wane aro. Ya ce ɗa ne fa, ba bijimi ba, yaushe aka koma cinikin mutane?

Baba, Allah ya ƙara girma, kunnenka bai yi ƙarya ba. Kakanninmu sun san zamanin da ake sayar da mutum da gaske, dole kalmar ta yi ɗaci. Amma abin da ake saya a nan ba mutumin ba ne, ragowar wa'adin kwantiraginsa ne. Ƙungiya ta ɗauke shi shekara biyar, ya yi uku, wata tana son sa yanzu, sai ta biya diyyar biyun da suka rage da abin da ake hangen zai kawo. Ko an daidaita tsakanin ƙungiyoyin, in shi bai sa hannu ba ciniki bai faɗa ba. Bijimi kuwa ba a tambayarsa. Tun hukuncin da kotun Turai ta yanke a 1995 a shari'ar wani ɗan wasan Beljiyam, Jean-Marc Bosman, wanda wa'adinsa ya ƙare yana tafiya abinsa ba a biyan tsohuwar ƙungiyarsa komai. Yuro miliyan 222 da aka biya a kan Neymar a 2017 ma kuɗin warware yarjejeniyarsa da Barcelona ne.

Abin da ya burge ni shi ne yadda harshen kara ya shige cikin ƙwallo ba tare da kowa ya shirya ba. Duk wanda ya taɓa tsayawa a kasuwar Maigatari ranar Alhamis ko ta Wudil ranar Juma'a ya san tsarin: mai saye ya taya, mai kaya ya ce albarka, dillali ya ja wannan gefe ya ja wancan, a ƙara, a sallama, a ba da kafin alƙalami, dillali ya karɓi la'adarsa. Haka yaran suke cewa an taya shi, ƙungiyarsa ta yi albarka. Wannan Hausa ce mai kyau, ba na so a taɓa ta. Wanda dai yake son ya tausasa harshe a gaban manya, ya ce an ɗauko wane, ko wane ya koma ƙungiya kaza. Ma'ana ta fita, mutunci bai zube ba.

Ta uku daga wani malamin firamare ce a ƙasar Gaya. Ya ce yara suna ara kalmar Turanci in za su ce ɗan wasa yana kan ƙoƙari ko ya ja baya, shin Hausa ba ta da tata?

Tana da su, Malam, har sun fi ɗaya, kowace da gurbinta. In ɗan wasa yana ci a jere a 'yan makonnin nan, yana tashe. Tashe abu ne mai zuwa ya wuce ya sake dawowa. In ya kai ƙololuwar ƙarfinsa da gwanintarsa a tsawon rayuwar wasansa, yana kan ganiyarsa, ita kuwa ganiya sau ɗaya ake hawanta. Akwai kuma wadda na fi so, ludayinsa yana kan dawo. Dawo shi ne curin furar da ba a dama ba. Wanda ludayinsa yake kai, shi ke damawa yadda ya ga dama, saura su jira. Ana faɗinta ga mai mulki da attajiri, ta kuma dace da ɗan wasan da koci ba ya iya ajiyewa a benci.

Ta ɗaya gefen, a ce ya yi sanyi, ko yana fama da ƙamfar ƙwallo, kamar yadda ake ƙamfar ruwa da bazara. Ƙamfa kalma ce mai adalci, don tana nuna rijiyar tana nan, ruwa ne ya ja baya. Wadda nake roƙon a yi hattara da ita ita ce "ya ƙare". Fernando Torres ya koma Chelsea daga Liverpool a Janairun 2011 a kan fam miliyan 50, bai ga raga ba sai a ƙarshen Afrilu, a wasa da West Ham. Ba wanda ya ce ha'inci yake yi, don sabuwar ƙungiya ce da yake neman burgewa ido rufe, ƙwallon ce kawai ta ƙi. Bayan shekara guda shi ya jefa wa Barcelona ƙwallo a gidanta a wasan kusa da na ƙarshe, Chelsea ta je ta ɗauki kofin Zakarun Turai na 2012. Ɗana na Ringim, ga amsar wasanninka huɗu. Mutumin da ake ambaton sunansa dare da rana, bai san garin da iyalinsa za su kwana wata mai zuwa ba, ƙafarsa tana iya yin nauyi ba da niyyarsa ba.

Ta ƙarshe gajeriya ce. Wata ɗaliba daga wajen Kazaure, wadda yayyenta suka cika gida da musun ƙwallo, ta tambayi bambancin jita-jita da raɗe-raɗi da ƙishin-ƙishin, kuma ko gaskiya ne ruwa ba ya tsami banza.

'Yata, raɗe-raɗi jam'in raɗa ne, magana ce da ake yi ƙasa-ƙasa, baki kusa da kunne. Ƙishin-ƙishin ɗan abin da kunne ya tsinta ne bai cika ba, shi ya sa ake cewa na ji ƙishin-ƙishin. Jita-jita kuwa ta riga ta fita kasuwa, wannan ya ji ta, wancan ya ji ta, ba a san ubanta ba. Karin maganar kuma gaskiya ce, ruwa ba ya tsami banza, amma ba ta ce abin da ake faɗa shi ne ya faru ba. Cewa ta yi akwai dalili. A kasuwar 'yan wasa sau da yawa dalilin shi ne dillali, wanda yake sakin magana da gangan don ƙungiya ta tsorata ta ƙara wa yaronsa albashi, ko don wani mai saye ya yi sauri ya taya. Ki ce wa yayyenki su jira har su ga ɗan wasan riƙe da sabuwar riga, an yi masa gwajin lafiya ya sa hannu.