Ya Sake Ni Ta Waya, Yanzu Ya Aiko Neman Gafara

Tambaya: Malama, ni mutuniyar Tahoua ce. Shekara 9 muka yi da mijina, 'ya'yanmu uku. Ya tafi bida, wato neman kuɗi, Abijan, ya yi aure can, ya aiko mini da saki ɗaya ta muryar WhatsApp. Yau shekara 2 ke nan, ko dala bai taɓa aiko wa yaran ba. Da Sallar Layya ya zo gida, ya turo yayansa wai in yafe masa. Inna ta ce in yafe don Allah, amma da na ji sunansa sai ƙirjina ya ɗau zafi. Ina da zunubi in na ƙi? Kuma ga wani yana nemana da aure.

Amsa: 'Yar'uwa, Allah ya sanyaya miki zuciya. Ba ki da zunubi. Wanda aka zalunta yana da damar riƙe haƙƙinsa, Suratush Shura aya ta 41 ta ce babu laifi a kan wanda ya nemi haƙƙinsa bayan an zalunce shi. Ayar da ke gabanta, ta 40, ita ce ta ce wanda ya yafe ya gyara, ladansa na wurin Allah. Ke nan yafiya falala ce da ake kwaɗaitar da ke, ba bashi ba ne da yayansa zai zo karɓa a zaure.

Na lura abu biyu aka ɗaure miki a ƙunshi ɗaya, shi ya sa ya yi miki nauyi. Akwai cutar da aka yi miki ke kanki: sakin wulaƙanci, ba a gaban kowa ba, bayan shekara 9. Allah ya ce a riƙe da alheri ko a saki da kyautatawa (Baƙara, 229), shi kuwa bai yi ko ɗaya ba. Wannan naki ne, ki yafe ranar da kika ga dama. Sai kuma ci da sha da tufafi da magani da kuɗin lakwal na yara uku. Wannan ba naki ba ne balle ki yafe shi. Ciyar da 'ya'ya wajibin uba ne, ko yana Abijan ko yana Libiya. Mata da yawa a nan Adar suna cewa "na bar shi da Allah", su ɗauki yaran su yi ta tuyar ƙosai da wankau har lafiyarsu ta ƙare, ana yaba musu haƙuri. Ni ban ɗauki wannan haƙuri ba, sakar wa uba igiya ce kawai.

Don haka in yayan nasa ya dawo, kada ki tarbe shi ke kaɗai. Babanki ko kawunki ya zauna, da limami ko mai unguwa. A rubuta nawa zai riƙa aikowa duk wata da hanyar da zai aiko, a sa hannu, a kuma karɓar miki takardar saki tunda murya ce kawai a waya, waya kuwa tana ɓata. In ya yi gardama, akwai fadar sarki, akwai kotu. Yanzu da yake neman wani abu a hannunki, yanzu ne zai saurara.

Game da zafin ƙirjin nan, bari in tuna miki labarin Wahashi, wanda ya kashe Sayyidina Hamza a yaƙin Uhudu, shekara ta 3 bayan hijira. Da ya musulunta, Annabi (SAW) ya karɓi musuluncinsa, bai ɗauki fansa ba, amma ya nemi ya riƙa kawar da fuskarsa daga gare shi. Hadisin yana cikin Bukhari. Kin ga ana iya barin ramuwa ba tare da an iya kallon fuskar mutum ba. Kina iya yafe wa tsohon mijinki ba ku koma gaisawa da dariya ba, ba ki ɗauki wayarsa da dare ba. Iddarki ma ta cika tuni, ba shi da ikon mayar da ke sai da yardarki da sabon sadaki da sabon ɗaurin aure, kada wani ya rikita miki yafiya da biko.

Abin da na gani yana hana zawarawa warkewa shi ne bin labari. Ƙawa ta turo hoton amaryar, maƙwabciya ta zo da zancen gidan da ya gina, ke kuma ki kwana kina juyi. Ki gaya musu kai tsaye ba kya so. Ki goge tsohuwar muryar nan bayan kin sami takarda, na san kina sake saurarenta. Sannan ki kame bakinki a gaban yara. Ubansu ne, jininsa na jikinsu, duk zagin da kika yi masa suna jin rabi a kansu. In barci ya ƙaurace miki, ko ciwon kai da bugun zuciya suka dame ki, ki je likita a auna hawan jini, ki faɗi damuwarki yadda take.

Maganar mai neman aurenki, ba sai kin gama yafewa za ki saurare shi ba. Abin dubawa shi ne kada ki shiga don ki ƙona ran wancan. Ki yi bincike, ki yi istihara, kuma ki san makomar yaran tun kafin a kawo goro. A mazhabar Malikiyya uwa ce ke da riƙon ɗa namiji har ya balaga, mace kuwa har ta tare gidan miji, amma in uwar ta auri wanda ba muharramin yaran ba, riƙon yakan koma hannun mahaifiyarta. Al'adarmu kuwa takan miƙa yaro ga uba da ya kai shekara 7. A zaman nan da za a yi da yayansa, a sa wannan ma cikin takarda.

Inna kuma ki ce mata kin ji, kina roƙon Allah ya ba ki ikon yafewa, ta taya ki da addu'a. Yayansa ya koma da amsar cewa maganar yara ce farko.