Ƙanina na Amurka zai iya turo min kayan gyaran bindiga a fasil?

Wani ɗan kasuwa mai shagon kayan gyaran injina a Kano ne ya turo min wannan tambaya. Ya ce: "Malam, wani kwastoma na yana da bindigar farauta mai lasisi, kunamarta ta lalace, yana neman sabuwa da sifirin da madubin saiti, har ya ajiye min kafin alƙalami. Ƙanina yana Amurka, ya ce a can a shago ake sayar da su kamar kayan keke. Zai iya sa min su a fasil ko cikin motar da zai turo? In abin ya karɓu ina so in mai da shi sana'a, tunda ba bindiga ba ce, ƙarafa ne kawai."

Alhaji, Allah ya yi wa kasuwa albarka. Amsar a taƙaice ita ce a'a, kar ƙaninka ya turo, kai ma kar ka karɓa, kuɗin kafin alƙalamin nan kuma ka maida wa mai shi tun yau.

Inda lissafin ya karkace maka shi ne wannan maganar ta "ƙarafa ne kawai". Dokar makamai ta Najeriya, wadda tun 1959 take, da ta zo bayanin mece ce bindiga ta haɗa har da kowane sashe na jikinta, toh kaga a idon kwastam da alƙali wanda ya shigo da kunama ko bututu ba tare da izini ba kamar wanda ya shigo da bindiga ne, ba ruwansu da cewa abin bai cika tafin hannu ba. Kuma dokar ta hana shigo da makami ta gidan waya kwata-kwata, sai ta tashoshin da aka ware kuma da takardar izinin shigowa. Lasisin da kwastomanka ke tinƙaho da shi na mallaka ne, nasa ne shi kaɗai a kan wannan bindigar guda ɗaya. Bai mai da shi mai shigo da makamai ba, ballantana kai da sunanka ma babu a jiki.

Amma ka ajiye na gida tukuna, wanda zai fara shiga uku ƙaninka ne.

Gaskiya ya faɗa maka, a jihohi da dama na Amurka mutum zai shiga shago ya sayi irin waɗannan sassa ba wanda zai ce masa kanzil. Saye a cikin ƙasa daban, fitarwa waje daban. Ma'aikatu biyu ke riƙe da ƙofar fitar, ma'aikatar harkokin waje tana kula da kayan yaƙi a ƙarƙashin ƙa'idojin da suke kira ITAR, ita kuma ma'aikatar kasuwanci tana da nata mai suna EAR, kuma tun watan Maris na 2020 aka mayar da yawancin bindigogin da ba masu sarrafa kansu ba da sassansu hannun ma'aikatar kasuwancin. Wasu da suka ji labarin sauyin sai suka ɗauka an saki harkar ne. Ba a sake ta ba, ofis kawai aka canja, lasisin fitarwa yana nan. Har madubin saitin nan da kake gani kamar kayan wasa yana da lambarsa a jerin kayan da ake sa wa ido. Kuma ba a ce sai kamfani ba, mutum ɗaya da ya sa abu a ambulan ya aika wa ɗan'uwansa kyauta, shi ma mai fitar da kaya ne a wajensu. Wanda ya karya dokar da gangan, hukuncin yana iya kaiwa shekara 20 a kurkuku da tarar dala miliyan 1 a kan kowane laifi guda, in kuma takardar zama kawai yake da ita bai zama ɗan ƙasa ba, ga kora tana jiransa bayan ya gama zaman. A 2022 wata kotun tarayya a jihar Meriland ta samu mutum uku da laifin haɗa baki wajen fasa-ƙwaurin bindigogi da harsasai a kwantena zuwa Najeriya, wato hanyar nan ta motoci da kwantenar 'yan Afirka ta Yamma an san ta, ana kuma duba ta.

In ka ce toh ya nemi lasisin mana, nan ma zai dawo kanka, domin can za su tambayi wa zai karɓa, me zai yi da su, ina takardar da ƙasarsa ta ba shi ta izinin shigowa. A nan Najeriya takardar shaidar mai amfani na ƙarshe daga ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan harkar tsaro take fitowa, ana nemanta ne kafin kaya su taso ba bayan sun sauka Apapa ba, sannan ga izinin ɓangaren 'yan sanda, sannan ga yarjejeniyar ECOWAS ta 2006 kan ƙananan makamai wadda ta hana shigo da su da kayan haɗinsu sai ƙasa ta nemi sahalewa daga ƙungiyar. Ƙasa fa, ba mai shago ba. Najeriya kuma ta amince da yarjejeniyar cinikin makamai ta Majalisar Ɗinkin Duniya a 2013, ita ma ta ambaci sassa ƙarara. A 2021 aka kafa cibiyar yaƙi da yaɗuwar ƙananan makamai a ƙarƙashin wancan ofishin tsaron, a 2024 aka sa hannu kan dokarta. Duk wannan layin ba a gina shi don mai neman sifirin guda biyu ba.

Yanzu mu zo ga lissafin kasuwa, tunda shi ne aikina. Me za ka ci a kan kunama ɗaya da madubi ɗaya? Ko ka ninka kuɗin sau uku ba zai biya lauya zama ɗaya ba. A ɗaya hannun kuma ka duba abin da ka ɗora a faifai: in a cikin motar aka saka, motar ta tafi, sauran kayan mutane da ke kwantenar za su maƙale ana bincike kuɗin ajiya na hawa kullum, ejan ɗin da ya yi maka kiliyarin zai ce bai san ka ba kuma ba zan ga laifinsa ba, sunanka da lambar wayarka da asusun da ka tura kuɗi duk suna cikin takardu. Garin neman gira a rasa ido kenan. Ka tuna 2017 da kwastam suka kama bindigogi 661 a Legas a watan Janairu, suka sake kama 1,100 a Satumba, sai Yulin 2024 da suka nuna 844 da harsasai 112,500 a tashar jiragen ruwa ta Onne da ke jihar Ribas. Bayan irin wannan, a lokacin da 'yan bindiga suka addabi Zamfara da Katsina, kana ganin jami'in da ya ciro kunamar bindiga a fasil mai adireshin Kano zai tsaya sauraron labarin farautar zabbi?

Wani abin ma, ka ga lasisin nan da idonka? Ka duba an sabunta shi? Ban ce kwastomanka mutumin banza ba ne, amma mai takarda cikakkiya ba shi da dalilin bi ta shagon kayan injina. Gyaran bindiga kansa dokar ta tsare shi, ba kowane maƙeri ko bakanike ke da izinin taɓawa ba. Ya ɗauki lasisinsa ya je hedikwatar 'yan sandan jiharsa, sashen da ke kula da rajistar makamai, su za su nuna masa dila ko mai gyara da ke da rajista.

In kasuwar mafarauta da 'yan sintiri ce ta burge ka, akwai abin sayarwa da ba ya kai mutum ga shari'a: tocila mai caji, takalman daji, rigar ruwa, jakar goyo, ƙaramar sola ta cajin waya. Ko nan ma ka yi hankali, rigar sulke da kaki mai kama da na soja da jirgi marar matuƙi da madubin gani cikin dare suna cikin kayan da ake neman waccan takardar ta ofishin tsaro a kansu, saboda haka duk abin da ka ga ya yi kama da kayan jami'ai ka tambayi ejan mai lasisi kafin ka biya ko sisi.

Ka kira ƙaninka yau ka ce ya dakata. In ya riga ya saya, ya maida shagon ko ya sayar a can yadda dokar jiharsa ta yarda, kar ya ba wani matafiyi ya riƙo a jaka, jakar jirgi ma fitar da kaya ce. In kuma har ya riga ya aika, shi ya nemi lauyan da ya san dokar fitar da kaya a can, kai ma ka ga naka lauyan a nan kafin ka je karɓar komai ko ka sa hannu a wata takarda.