Zauren Lafiya: Jinyar yaron da ake yi wa kimawi

Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗana shekararsa 5, an ce sankarar jini ce, wata biyu ke nan ana yi masa kimawi, wato maganin kashe ƙwayoyin sankara, a Jidda, mu kuma muna zaune a Makka. Duk daren da jikinsa ya yi ɗumi, maigidana sai ya ce a ba shi Panadol a jira gari ya waye. Kakarsa kuma ta matsa a yi masa ƙaho, a ba shi nonon raƙumi, a kai shi Harami ya yi ɗawafi. Na rasa ta wa zan bi. Wata uwa, Makka.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ba shi lafiya, ya ba ku ladan jinya. Mu fara da zazzaɓin, don shi ne abin da ba ya jiran asuba.

Kimawi ba ya bambance ƙwayoyin sankara da lafiyayyun ƙwayoyin jiki masu saurin hayayyafa, shi ya sa fararen ƙwayoyin jini, masu tsare jiki daga cuta, suke raguwa. Sun fi yin ƙasa tsakanin kwana 7 zuwa 14 bayan an yi masa jur'a, wato zagaye ɗaya na kimawin. A wannan tsakanin, ƙwayar cutar da ba za ta dami yayyensa ba tana iya shiga jininsa ta kwantar da shi cikin 'yan awoyi, kuma sau da yawa zazzaɓi kaɗai ne alamar da za ki gani. Saboda haka ki ajiye ma'aunin zafi na dijital kusa da shimfiɗarsa, ki daina gwaji da bayan hannu. Idan ya nuna 38 ko sama, a kira sashen da ake duba shi nan take, a kama hanyar asibiti ko ƙarfe nawa ne. Abin da likitoci suke so shi ne a sa masa maganin kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya cikin awa guda da isowarsa. Jidda kuwa kusan tafiyar awa ce daga Makka, don haka tun yanzu ki tambayi likitansa wane sashen gaggawa za ku nufa a Makka idan abin ya taso cikin dare. Da shigarku ki ce yaron yana kan kimawi, kada a sa ku a layi. Idan yana rawar sanyi, ko numfashinsa ya yi sauri, ko ya yi laushi yana wuyar tashi, a kira motar asibiti ta 997 ko da ma'aunin bai kai 38 ba.

Illar shawarar maigida ita ce Panadol yana sauke zafin ya bar cutar tana cin gaba, ku kuma ku kwanta da zaton an samu sauƙi. A auna, a kira, sannan a ba shi idan an ce a ba shi. Asfirin da Brufen babu su sam, suna ƙara zubar jini. Tahamil ɗin nan da aka saba cusa wa yara ta dubura, da auna zafi ta nan, duk a bari, ɗan ƙwarzane kaɗan ya isa ƙwayoyin hanji su shiga jini.

Batun Kaka, ƙauna ce ta sa ta, a yi mata bayani cikin ladabi. Ƙaho tsaga fata ne, alhali ƙwayoyin da ke sa jininsa ya daskare sun ragu, jini zai iya ƙin tsayawa, wurin kuma ya ruɓe. Nonon raƙumi ɗanye yana ɗauke da cutar da ake kira zazzaɓin Malta, kuma ba ya kashe sankara. Habbatus sauda da sauran jiƙe-jiƙe a nuna wa likita tukuna, hantarsa tana fama da magunguna masu nauyi. Addu'a da tofi da zamzam mai tsabta a rufaffiyar gora, waɗannan Kaka ta riƙe su hannu biyu. Ɗawafi a cikin cunkoso a dakata har awon jini ya nuna garkuwarsa ta farfaɗo, likita ya ba da izini, sannan a zaɓi lokacin da mutane suka ragu. Masu zuwa dubiya su wanke hannu, mai mura ya gaishe ku ta waya. Idan ya haɗu da yaro mai ƙarambau ko ƙyanda, ki sanar da asibiti a ranar, akwai kariyar da ake bayarwa amma kwanakinta ƙidayayyu ne.

Ki haɗa jaka guda ki rataye bakin ƙofa: katin asibiti, iƙama (katin izinin zama) ko katin shaida, takardar awon jini ta ƙarshe, sunayen magungunansa da ranar jur'ar da ta wuce.

Tambaya: 'Yata mai shekara 9 tana jinyar sankarar jini, likita ya ce ba a ƙara ganin cutar a ɓargonta ba. Ta gaji, mahaifiyarta ta rame, ƙannenta sun zama kamar marayu. Ba za mu iya tsayar da maganin haka ba? Wani uba, Madina.

Amsa: Malam, alhamdu lillahi da wannan labari, amma kada ku tsaya. Abin da awo ya daina gani bai ƙare ba, ragowar ƙwayoyin sankarar suna nan a ɓoye, kuma idan suka dawo sun fi na farko taurin kai. Shi ya sa maganin irin sankarar jinin da ta fi kama yara yake ɗaukar shekara 2 zuwa 3, mafi yawansa a gida: ƙwaya ɗaya kullum, wata kuma mako-mako. A inda ake kammala magani yadda ya kamata, fiye da yara 8 cikin 10 masu ciwon daji suna warkewa. Tsallake ƙwayar nan ko da jefi-jefi ne yana ƙara haɗarin dawowar cutar. A sa mata lokaci guda, misali bayan Isha'i, mutum ɗaya ya ɗauki nauyin bayarwa yana yin alama a kalanda. In an manta ko ta amayar, kada a ninka washegari, a tambayi asibiti.

Gajiyar gidan gaskiya ce, kuma a nan aikinka yake. Ka karɓi wasu ranakun asibiti da wasu darare, mahaifiyarta ta samu barci. 'Yan'uwa masu cewa “me za mu yi muku?” a ba su aiki takamaimai: girki, kai yara makaranta, tuƙi ranar mau'idin ganin likita. Ka je ofishin jin daɗin marasa lafiya na asibitin ka faɗi halin da kuke ciki na kuɗin mota da masauki, aikinsu ke nan.

Yarinya mai shekara 9 ta san abin da ke faruwa, a gaya mata sunan ciwon da dalilin kowace ƙwaya, kada a ce allura ba zafi alhali da zafi. Fushi da yawan ci da kumburin fuska aikin kotizon ne, ɗaya daga cikin magungunan wannan ciwo, suna wucewa, kuma ba a yanke shi farat ɗaya. Ƙannenta a gaya musu ciwon ba ya yaɗuwa, ba kuma laifin kowa ba ne, sannan kowannensu ya samu ko minti 15 naka shi kaɗai a rana.